Kwalabe Tara a Firizar Ba Madu

Umarari, Maiduguri
11 ga Afrilu

'Yata Rahmat,

Wushe, sannu da karatu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, sanyin Jos kuma bai sa kin manta da mu ba. Mu nan ƙalau muke, sai zafi. Akuyar maƙwabta ma ta daina shiga gidan mutane, tana kwance gindin dalbejiya tana haki. Mamanki tana Dusuman tun ran Litinin, surukar Gwaggonki Mu'mina ta sauka, an samu mace. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, ba ta son aiki, ta biyo mai ita.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna na ɗan aji huɗu. Wayata ta rasu ran Laraba, kuma ni na kashe ta. Tana aljihun gaba na duƙa cikin firiza, sai ta riga ni shiga. Na shanya ta, na binne ta cikin shinkafa kamar yadda aka ba ni shawara, shinkafar ce kawai ta lalace.

Abin da ya kai ni duƙawar kuwa saƙonki ne. Da mamanki za ta tafi ta damƙa min baƙar leda, ta ce kwalaben roban nan tara ne masu tsinken auduga, na gwajin cutar bakin mahaifa da kika aiko mata su yi da kansu, kowa a ɗakinta. Ta ce in ba Garzali direba ran Juma'a ya kai miki. Yadda ake yi ban tambaya ba, ke ma kada ki faɗa min. Amma da na ji cewa kwana goma ledar ta yi a kan sif cikin wannan zafi, raina ya ɓaci. Kayan asibiti, a gidan mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana sayar da ƙanƙara, a ajiye su a kan sif kamar daddawa? Na kai su shago na ba su wuri mafi daraja a firiza, can ƙasa, inda ko lemun Alhazai ba ya samun shiga.

Sai aka ɗauke wuta kwana biyu, injina kuma yana wurin gyara. Ƙanƙara kin san ba ta da haƙuri. Na tsamo su, na goge, na shanya a inuwa, na mayar da komai mazauninsa. Ba sai kin gode min ba, aikin uba ne.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da kika turo wa mamanki, wuyanki ya ƙara tsawo.

Mahaifinki,
Madu mai ƙanƙara


Jos
17 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka ta'aziyyar waya. Lafiyata lau, abinci ina ci. Maganin gwiwar nan shafawa aka ce ka yi, ba ajiyewa ba.

Baba, a tasha na karanta takardarka, sai da na nemi benci na zauna. Sau uku na yi bayanin nan a gida, kana wurin, rediyo a kunnenka. Binciken nawa gaba ɗaya shi ne a gano ko abin da mace ta ɗauka da kanta zai jure zafi irin na Maiduguri, a bushe, har mako biyu, ba tare da firji ba. Matar da ke ƙauye ba ta da firiza, ba ta da Ba Madu. Idan ya jure, sai ta yi gwajinta a ɗakinta a kawo a mota, ba sai ta kwanta a gaban kowa ba. Kan sif ɗin da ka raina shi ne wurin binciken. Akwai ɗan ma'aunin zafi a cikin ledar da ke lura da komai. Ya nuna kwana goma na zafi, sai sanyi, sai shiru. Shi ma ka kashe shi.

Sanyi ba ya ɓata su, ruwa ne ke ɓatawa. Biyu ruwa ya shiga, ba su karantu ba, sai an sake. Bakwai sun karantu. Malamarmu Dakta Agnes ta ce ba za su shiga binciken ba, amma matan suna da haƙƙin sanin sakamakonsu. Ga ambulan tara a liƙe, kowace da sunan mai ita, Mama za ta raba. Kada ka buɗe, kada kuma ka ɗaga su a rana.

Na ga ka ƙara wa takardun sunayen baƙin salatif don kada su fita. Wannan kam ka kyauta.

'Yarka,
Rahmat


Umarari
24 ga Afrilu

Rahmat,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya, mamanki ta dawo, ta raba ambulan ɗinki. Ban buɗe ba. Ɗaya kawai na ɗaga a rana, ban ga komai ba, takardarku tana da kauri.

Ki nemi bencin nan ki sake zama.

Kin san Madam Ekwutosi mai shagon robobi da ke jikin nawa. Kwana uku shagonta a rufe. Jiya mijinta Onyema ya zo ya zauna a bencina, mutumin da kullum da gudu yake wucewa da kayan keke napep a kafaɗa. Ya ce, "Ba Madu, takardar 'yarka ta ce an ga ƙwayar cuta a jikin matata, ta je asibiti a duba ta. Ba ta ci, ba ta sha. Shekara sha tara muna tare, yau tana tambayata ina na kwaso na kawo mata. Ta haɗa kaya za ta koma wurin ƙanwarta a Bulumkutu." Na ba shi ruwan sanyi. Shi ke nan abin da na iya, ruwan sanyi.

Salatif ɗin da kika yaba, ba don kada takardun su fita na sa ba. Sun riga sun fita. Da na buɗe firizar, ledar ta cika da ruwa, kwalabe tara tsirara, sunaye tara suna iyo a gefe kamar 'yan tarwaɗa. Kuma kafin ki yi min faɗa, wane irin gam ne wannan kuke aiki da shi a jami'a? Takardar jikin kwalbar lemo tana kwana uku a ruwana ba ta motsa.

Na busar da sunayen, na zauna na yi tunani. Wadda aka murɗe murfinta tamau na ce ta Ekwutosi ce, matar da ko tsinken ashana ba ya zubewa a shagonta. Wadda murfinta ya karkace na ba Raudatu matar tela, kin san ɗaurin ɗankwalinta. Mamanki na zaɓa mata mafi tsabta. Gwaggonki Mu'mina na ba ta wadda ta fi ba ni wahalar kamawa. Sauran biyar na yi bismilla na liƙa.

Ga abin da ke raina a lokacin, don ki san ba mugunta ba ce, wauta ce zalla. Matan nan duk garau suke, suna daka, suna faɗa, suna zuwa biki. Na ɗauka takarda za ta dawo ta ce kowa lafiya, kowa ta karɓi lafiyar 'yar'uwarta, ba wadda ta yi asara.

Ban gaya wa mamanki ba. Ta karanta tata ta yi hamdala, ta yi min burabusko don murna. Har yanzu yana nan a maƙogwarona.

Mahaifinki,
Madu


Umarari
6 ga Mayu

Rahmat,

Gaisuwa, in har ana karɓa. Muna lafiya.

Yau kwana goma sha biyu. Garzali ya rantse hannu da hannu ya ba ki. Na san kin karanta, don washegari wayar mamanki ta yi ƙara, ta shiga ɗaki, ta fito ta dube ni irin kallon da ake yi wa tulun da aka samu ɓera a ciki. Tun ranar maganarta da ni ɗaya ce: "Abinci na nan." Kullum kina kiranta, ina yin sallama sai ta ce layi ya katse. Layin nan ya san takuna.

Ta bi matan ta ce musu an samu kuskure, kowa ta yaga takardarta, za a sake. Ba ta ce kuskuren wa ba. To yanzu abin da ake faɗa a unguwa shi ne 'yar Turai matar Madu ta je Jos ta yi karatun banza, ba ta iya rarrabe kwalabe tara ba. A shagona, a gabana, mai shayi ya faɗa yana dariya, ƙanƙarata a hannunsa. Na ƙwace abata. 'Yar da ta zo ta ɗaya tun daga firamare. Raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba, kuma da na nemi wanda zan mara sai na ga nawa kuncin ya fi kusa.

Ki yi min faɗa a takarda, ya fi min shirun nan. Ni na haife ki, ko ba komai na cancanci zagi mai ladabi.

Madu


Jos
9 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka. Lafiyata lau. Ban yi shiru don raini ba. Sau huɗu na fara rubutu ina yagawa, don abin da ke fitowa bai dace 'ya ta aika wa mahaifinta ba.

Ranar da takardarka ta zo na kai wa Dakta Agnes da hannuna, na fassara mata har wurin ɗankwalin Raudatu. Ba ta yi dariya ba. An zaunar da ni gaban malamai biyar, an tambaye ni yadda aka yi na aika wa mace sakamakon da ba nata ba. Na ce laifina ne, na ga salatif ban tambaya ba. An dakatar da aikina na Maiduguri sai an gyara wannan. Shekarata guda ke nan a kansa.

Wannan ba shi ya fi damuna ba. Ka karanta nan a hankali, ka kashe rediyo. Ganin ƙwayar ba ya nufin mace tana da sankara. Mata da yawa jikinsu yana kawar da ita da kansa. Tana iya zama shekaru ba a sani ba, saboda haka ba hujjar zargin kowa ba ce, ka faɗa wa Onyema da matarsa haka. Amma irin wadda muka gani ita ce ake so a duba mai ita da wuri, tun abin yana ƙarami ana iya maganinsa. Ɗaya daga cikin matan nan tara tana ɗauke da ita, tana daka, tana zuwa biki, ba ta sani ba. Mai yiwuwa Ekwutosi ce. Mai yiwuwa Mama ce, wadda ka zaɓa wa mafi tsabta.

Ga sababbin kwalabe tara, an rubuta sunan a jikin robar. Mama za ta riƙe, a kan sif, kai ko ledar kada ka taɓa. Amma Mama ta ce biyar daga cikinsu sun ce ba za su sake ba, kuma ba ta da bakin roƙonsu. Tun da zagin da ake yi min ya ɓata maka rai, maganinsa yana hannunka. Ka bi gida tara ka faɗi abin da ka yi, da bakinka.

'Yarka,
Rahmat


Umarari
19 ga Mayu

'Yata,

Wushe. Na karɓi faɗan, ya iso da zafinsa, na gode. Gwiwa ta kumbura saboda yawo, amma ita ma da ita aka duƙa cikin firizar, sai ta yi haƙuri.

Na sa babbar rigata ta Juma'a na fara. Ki yi tunanin dattijo mai furfura a zauren mutane yana yi wa magidanci bayanin abin da ko sunansa ba ya iya faɗa. A gidan farko na ce "kayan nan na mata", mutumin ya ɗauka atamfa na kawo. Daga nan mamanki ta ce in daina kewaye-kewaye, ita za ta shiga ciki, ni in tsaya a zaure in ɗaga murya yadda ta ciki za ta ji: "Ni Madu na jiƙa kwalabe, ni na liƙa sunaye da ka, Rahmat ba ta da laifi." Sau bakwai na rera wannan. Yanzu har mai shayi ya haddace.

Tela mijin Raudatu ya yi dariya har ya soki yatsansa. Ita kuwa ta leƙo ta ce, "Ba Madu, me ɗankwalina ya yi maka?" Mamanki ce ta kai mata wannan, don a ƙara min.

Onyema bai yi dariya ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba Madu, da wani ne, da yau 'yan sanda sun shiga tsakaninmu. Tashi mu je Bulumkutu ka faɗa mata." Muka je a kekensa. Ekwutosi ta rame. Na faɗa mata duka, har da bayaninki na cewa ba hujjar zargi ba ce. Ta ce, "Don na iya rufe kwalba shi ne ka ba ni cuta?" Na ce yabo ne ya zo a karkace. Ta ce in riƙe yabona. Amma ta karɓi sabuwar kwalba, ta kuma hau keken mijinta. Ni aka bari na nemi mota.

Takwas sun sake, ga su nan wurin Garzali, mamanki ce ta miƙa masa, ni ina nesa hannuwana a baya.

Saura Gwaggonki Mu'mina. Kin san da ma da ƙyar ta yarda da farko, don ke ta yi. Na same ta a lambunta na Dusuman tana ban ruwa. Ta saurara, ta ce, "Madu, wato abin da na ɓoye wa kowa tun rasuwar mijina, shi ka kai shago ya kwana da ƙanƙarar da mutane ke sha?" Na ce na zubar da ƙanƙarar duka, na wanke firizar sau uku. Ta ce, "Ni wa zai wanke? Sau ɗaya na yi, na ji kunyar da zan ji. Takardata ta ce lafiya, kuma lafiyata lau. Matsa, kana taka min yakuwa." Ta ƙi karɓar kwalbar ko daga hannun mamanki.

Ƙanwata ce, na san taurin kanta, gado ne. Ki bar ta ta huce.

Mahaifinki,
Madu


Jos
26 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa. Na ji labarin zagayen daga bakin Mama, ta ce ka yi ƙoƙari. Ni ma na ce ka yi.

Takwas ɗin sun iso a bushe, duk sun karantu. Ga ambulan takwas, Mama za ta raba. Ba zan faɗa maka sakamakon kowa ba, kada ka tambaye ni.

Maganar a bar Gwaggo ta huce, ban yarda ba. Na kira ta sau shida, tana jin muryata take kashewa. Kada a bar ta, Baba. Ko ta sake gwajin, ko Mama ta raka ta asibiti a duba ta, duk wanda ya fi mata sauƙi. Amma ba bayan salla ba, ba bayan damina ba.

'Yarka,
Rahmat


Umarari
29 ga Mayu

Rahmat,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya.

Ban tambaye ki ba, ba kuma sai na tambaya ba. Mata ba sa ɓoye labari mai daɗi. Ekwutosi ta buɗe shago da waƙar coci, ta raba wa layinmu biskit, ni ta tsallake ni. Raudatu ta aiko wa mamanki da ɗanwake. Mamanki ta karanta tata ta yi sujada, ta ce min "ka ci abinci da zafinsa", kalma biyar aka ƙara min. Kafin la'asar na ji labarin takwas, duk lafiya.

Aji huɗu na tsaya, amma an koya mana cirewa kafin in gudu. Tara, a cire takwas.

Na rufe shago na tafi Dusuman. A hanya na shirya maganata tsaf, yadda kika rubuta: ba sankara ba ce, ƙwaya ce, ana so a duba da wuri. Na same ta tana tsinkar kuɓewa. Na ce, "Mu'mina, zauna, magana ce ta gaske." Na faɗa mata, ban ƙara ba, ban rage ba.

Rahmat, dariya ta yi. Ta yi dariya har ta dafa ƙugu. Ta ce, "Tun ina shekara biyar kake ce min ga kunama a zanena. Ran aurena ka ce ango ya gudu. Da na haifi Mikail ka aiko a ce min an canza shi a asibiti. Yanzu kuma 'yarka ta rasa cikon tara, shi ne ka zo da sabon salo." Na rantse mata. Ta ce ran kunamar ma na rantse. Ta cika min leda da kuɓewa ta ce in gaida Turai.

Na tsaya a bakin lambun nan ina jin haushin duniya, na rasa wanda zan ɗora wa. Shekara hamsin ban taɓa yi wa yarinyar nan magana ba zolaya a ciki ba. Ban san ina kashe abin da zan zo nema wata rana ba. Yau ina da magana ɗaya tak da nake so ta yarda da ita, kuma bakin da zai faɗa nawa ne.

Mamanki ta ce ta bar min wannan, za ta raka ni amma ba za ta yi magana a madadina ba, don ita ba ta taɓa ce wa kowa ga kunama ba. Ta yi gaskiya. Kwalbar tana jakarta. Gobe da safe za mu koma, zan zauna a bakin lambun ba zan ce komai na ban dariya ba, ko da akuya ta hau keke a gabana. In ta kore ni, jibi. Shagon ya zauna a rufe, mutanen Umarari su sha ruwan randa.

Ki ci gaba da kiranta, wataƙila ta gaji da kashewa. Kuma ki rubuto mata takarda da hannunki, ki sa mata hatimin makarantarku babba. Kada ki ambaci sunana a ciki.

Mahaifinki,
Madu